Marin da Ya Kusa Hana Ni Komawa Asibiti

Lokacin da abin nan ya same ni, ni yarinya ce da ko shekara biyu ban rufa a ɗakin miji ba. Ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare, maigidana kuma akawu ne a wani kamfani a Bompai. Muna haya a ɗakunan baya na wani tsohon gida a Nassarawa GRA, irin gidajen nan masu faɗin fili da itatuwan mangwaro da suka girmi iyayenmu. Mutane in sun ji unguwar da muke sai su ɗauka mun tara, ba su san ciki da falo ne a bayan gareji ba. Hali ɗaya kowa ya san ni da shi tun ina ƙarama, wato tambaya. Innarmu kan ce ko tuwo aka miƙo mini daga sama, sai na tambayi wadda ta tuƙa kafin in sa hannu. Na rubuto muku ne don in sauke abin da ke raina, ba kuma zan ambaci sunan kowa ko sunan wani asibiti ba, don ba ramuwa nake nema ba.

Da cikina na fari ya tsufa, aka mayar da ni gidanmu a Gawuna goyon ciki kamar yadda aka saba. A nan Innarmu ta zaunar da ni ta yi mini huɗuba. Ta ce 'yar mutunci ba ta ihu a kan gwiwa, haihuwar fari da kunya ake yin ta, in ciwo ya taso in cije in yi ta salati a zuci, kada in ja mata abin faɗa a dangin miji. Na tambaye ta me ihu ke rage wa mace, ta harare ni ta ce haka suka tarar, in na ga dama in je in tambayi kakannin kakanninmu. Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini daram.

Da hantsi naƙudar ta kankama, aka kai ni wani babban asibiti. A bakin ƙofar ɗakin haihuwa aka karɓi kwandon kayana aka ce Innarmu ta koma can ƙarƙashin bishiya ta jira. Na shiga ni kaɗai. Gadaje ne a jere babu labule, mata kwance babu sutura, kowa na ganin kowa. Wata nas ta dubi fuskata sau ɗaya ta ce wannan da ta yi tsit haka ai da sauranta, in zauna a benci. Ni kuwa ciwo kamar ana raba ni biyu, amma na cije kamar yadda aka koya mini. Abin da na lura da shi ina zaune, wanda har yau yake ɗaure mini kai, shi ne mai ihu ana zaginta don ta yi ihu, mai shiru kuma an manta da ita.

Can sai na ji jikina da kansa ya zame daga bencin nan, na durƙusa a ƙasa na rungume shi. Ba wanda ya koya mini. Wallahi nan take na ji sauƙi, na ji abin yana saukowa a hanyarsa. Ban ankara ba sai ga nas ɗin nan a kaina tana faɗa, wai ko na ɗauka ƙauyenmu ne nan, in tashi in hau gado in kwanta rigingine in kama ƙafafuna. Na rarrafa na hau. Ina kwanciya ciwon ya ninka, bayana kamar zai tsinke, ƙafafuna suka haɗe da kansu. Sai jin saukar mari na yi a cinya, ta sake, ta kuma sakewa, tana cewa lokacin da ake yin cikin ai ban rufe ƙafa ba. A gaban mutane ta faɗa, har wata mai shara ta yi dariya. Da na hango almakashi a hannunta, halin nawa ya motsa, na tambaye ta me za ta yi da shi. Ta ce in ni ce likitar in sauko in karɓi haihuwar da kaina. Haka aka yi mini ƙari, wato aka yanka ni don a faɗaɗa wa jaririya hanya, ba a gaya mini ba. Haka kuma aka ɗinke ni ina jin shigar allura da fitarta. Na samu 'ya mace lafiyayya, alhamdu lillahi.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba a asibitin ya faru ba, a gida ne. Da na gaya wa Innarmu, sai ta yi dariya ta ce ai ni da sauƙi, ita ranar da ta haife ni a fuska aka kwaɗa mata. 'Yan barka kuwa suka mayar da abin hira, wannan ta ce ita da bakin faranti aka doke ta, waccan ta ce ita mintsini ta sha har ya yi shati, suna ta shewa kamar masu tuna bulalar makarantar allo. Duk wadda na yi wa ƙorafi sai ta ce uwa lafiya, ɗiya lafiya, me kuma nake nema? Sai na ja bakina na yi shiru, amma raina bai yi shiru ba. Na ji an wulaƙanta ni, na kuma ji kunyar da ban san laifin da na yi ba. Ko warin maganin wanke asibiti na shaƙa sai gabana ya faɗi. Rigakafin yarinyar ma Innarmu ce ta riƙa kai ta.

Bayan kamar shekara uku na sake samun ciki. Tun ranar da na tabbatar na yanke wa kaina hukunci: ni da ɗakin haihuwa har abada. Awo na leƙa kaɗan na watsar. Dabarata ita ce in naƙuda ta zo da rana, maigida na wurin aiki, in zura sakata in yi shiruna da na iya, sai dai ya dawo ya tarar da jariri. Ban gaya masa ba, don na san mutum ne mai tsoro, da ya ji sai ya tara mini dangi.

To amma ban san yadda ake haihuwa a gida ba, sai na tafi Gawuna wajen kakata, wadda ta baro ƙauyensu na Jigawa ta dawo hannun Innarmu saboda tsufa. Na yi kamar hira nake so, na tambaye ta yadda suke yi a zamaninsu. Tsohuwa ta gyara zama. Ta ce su a durƙushe suke haihuwa, mace ta dafa turmi ko bakin gado, shi ya sa har gobe ake cewa wance tana kan gwiwa. Ta ce wa zai kwanta rigingine kamar mai shan iska a tsakar gida? Ungozoma ma sau da yawa ba a kiranta sai an ji kukan ɗa, ta zo ta yanke cibi ta binne mabiyiya. Ba mai zagin ka, ba mai dukan ka. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe jikina bai yi ƙarya ba ranar nan. Da na tsaya a nan da na tafi da murnata, amma ina! Sai da na ƙara tambaya ɗaya, na ce to a lokacin ba a mutuwa ke nan? Ta dube ni kamar na tambayi ko ana ruwa da damina. Ta ce ana yi mana, yayarta ma haka ta tafi, ta haihu lafiya da safe, jini ya ɓalle, kafin azahar an kai ta. Ta ambaci wata maƙwabciyarsu, ta ambaci wata 'yar ƙanen babanta. Ta ce kwana ne ya ƙare, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Na dawo gida murnata ta koma ciki, amma ban fasa niyyata ba.

Mai gidan da muke haya wata dattijuwa ce mutuniyar Zariya, Kirista, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun watse garuruwa. Mama muke ce mata. Tsohuwar ungozomar asibiti ce, har ta shugabanci ɗakin haihuwa kafin ta yi ritaya. Tun bayan haihuwata ta fari nake ɗan janye jiki da ita, ba don ta yi mini komai ba, sai don na san aikin da ta yi. Wata ranar Asabar da yamma ina shanya, tana zaune ƙarƙashin mangwaro tana tsinke zogale, ta kira ni. Ta dubi ƙafafuna, ta janyo fatar idona ta leƙa, ta tambaye ni yaushe rabona da awo. Na fara kame-kame. Ta ce 'yata, ta karɓi haihuwa tun kafin a yi auren uwata, kada in yi mata ƙarya. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. Na zayyane mata komai, sannan na yi mata tambayar da na shekara uku ina ɗauke da ita: don Allah Mama, me ya sa kuke dukan mu?

Na zaci za ta yi fushi. Sai ta ajiye tiren zogalen ta ce in zauna. Ba ta musa ba ko kaɗan, ta ce ita kanta ta mari mata ba adadi. Ta ce haka aka koya musu. Waɗanda suka horar da su a hannun Turawa suka koya, kuma tsawa ita ce harshen ɗakin, babba ta daka wa ƙarama, ƙarama ta daka wa mai naƙuda. Gadon nan mai tsawo da kwanciyar rigingine, ta ce, don mai karɓar haihuwa ta ga abin da take yi ne ba tare da ta sunkuya ba, durƙuso kuwa an ce musu aikin duhun kai ne, su hana. Ta ce in tuna mutum ɗaya ce a kan mata da yawa, wani lokaci ba wuta ba ruwa, ga kan ɗa ya fito uwa ta matse ƙafa, in ya mutu ita za a tuhuma. A wannan halin hannu ne ke riga baki. Har ta ce ita ma ranar da ta haifi ɗanta na fari, ƙawarta da suke cin abinci kwano ɗaya ce ta mare ta, kuma ta gode mata daga baya.

Na ce to Mama, marin ne ke fito da ɗan? In ba a yi ba, ba zai fito ba? Ta buɗe baki za ta ce eh, sai ta tsaya. Can ta ce, a hankali kamar da kanta take magana, akwai wani ɗaki na musamman a asibitinsu inda ake kwantar da matan manya, matan kwamishinoni da manyan 'yan kasuwa, yawancinsu ma daga unguwar nan tamu. Ta ce ta yi shekaru tana karɓar haihuwa a can, su ma suna ihu, suna matse ƙafa, wata har ta taɓa yaga mata riga, amma ko da wasa hannunta bai taɓa tashi a kan ɗaya daga cikinsu ba. Lallashi ake yi, sannu Hajiya, daure Hajiya. Kuma 'ya'yansu sun fito lafiya lau. Ta ce ikon Allah, ita ba ta taɓa haɗa ɗakunan nan biyu a ranta ba sai yau. Ta ɗauki tirenta ta shige gida ba ta ƙarasa tsinkar ba.

Bayan kwana biyu ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da mayafinta a kafaɗa, ta ce in shirya. Ta sa ni a tsohuwar motarta ta kai ni wani asibiti inda wata tsohuwar ɗalibarta ke riƙe da ɗakin haihuwa. Ita kuma ta haɗa ni da wata matashiyar ungozoma, wadda ba za ta girme ni ba. Yarinyar nan ta zagaya da ni, ta nuna mini labule tsakanin gadaje, ta ce yanzu a wurinsu ana barin mace ta shigo da mutum ɗaya da ta yarda da shi, kuma in durƙuso jikina ke so, in durƙusa, ita ce za ta sunkuya. Na yi mata ruwan tambayoyi, ta amsa ba ta ƙosa ba. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin ba za a yi ƙari ba, don wani lokaci dole ne, amma ta yi alkawarin ba abin da zai taɓa jikina sai an gaya mini, kuma ba ɗinki sai da allurar kashe zafi. Ta ƙara da cewa kada in ɗauka ko'ina haka ne, ko a cikinsu ma akwai waɗanda har yanzu suke ganin wannan sangarta mata ne. Na koma awo don idon Mama, amma in gaya muku gaskiya, a zuciyata ban yarda ba. Na ce daɗin baki ne na ranar kasuwa, ranar da ciwo ya zo za a ga ainihinsu.

Naƙudar ta zo mini bayan azahar, ranar aiki. Maigida na Bompai, yarinyata na Gawuna. Komai ya faɗo daidai yadda na tsara tun farko. Na tashi na zura sakata, na shimfiɗa leda da tsofaffin zannuwa, na durƙusa a bakin gado. Ina jiyo rediyon Mama daga barandarta. Tsoro biyu suka sa ni a tsakiya, na tuna almakashi, na tuna yayar kakata. Zan so in ce hankali ne ko tawakkali ya sa na miƙe, amma ba haka ba ne. Son sani ne. Raina ya riƙa ce mini, yanzu in kika haihu a nan, har abada ba za ki san ko ungozomar nan gaskiya ta faɗa ba. Wannan ya fi ƙarfina. Na rarrafa na zare sakatar, na ƙwala wa Mama kira da muryar da ban san ina da ita ba.

Ta sa ni a motarta sai asibitin nan, ita kuma na zaɓa ta shiga da ni. Aka sa mini katifa a ƙasa, na durƙusa na rungume kujera, ungozomar nan ta durƙusa a bayana da fararen kayanta. Kafin ta duba ni sai da ta nemi izini. Na yi ihu, jama'a, na yi ihun da nake bin kaina bashi har da na wancan karon, ba wanda ya ce mini kanzil. Da abin ya kai maƙura sai ƙarfina ya ƙare, na ce na fasa, ba zan iya ba, na nemi in zube a gefe daidai lokacin da kai ya taho. Da gefen idona na ga hannun Mama ya tashi sama. Wallahi na gan shi, na runtse ido ina jira. Sai na ji ungozomar ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, Mama ta riƙe mata kafaɗata. Hannun nan ya sauko a bayana, ya fara shafa ni. Tsohuwar ta sunkuyo daidai kunnena tana cewa sannu 'yata, daure 'yata, saura kaɗan. Na tattara abin da ya rage mini na yi nishi, sai ga kukan ɗa namiji. Ko ƙari ba a yi ba.

Ina rungume da shi ina dariya ina kuka, sai na ji ɗumi yana bin cinyoyina ba ya tsayawa, ɗakin ya fara juya mini. Ungozomar ta dube ni ido cikin ido ta ce jini yana zuba fiye da yadda ya kamata, mahaifata ta ƙi tsukewa, za ta murza mini ciki da ƙarfi kuma zai yi zafi, za a yi mini allura a sa mini ruwa, ta aika a kira likita. Aka ɗora ni a gado, wannan karon da kaina na miƙa jiki. Duk abin da za su yi sai sun faɗa, har na daina fahimtar maganar, ina dai jin ana yi da ni. Da na farfaɗo, ledar jini na rataye a kaina, maigidana na tsaye ya yi zuru-zuru. Washegari na tambayi likitan, don ba zan fasa hali ba, da a gida wannan ya same ni fa? Bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce da wuya maigidana ya dawo daga aiki ya tarar da ni da rai.

Mama ta zo da kunun gyaɗa a fulas, ta zauna a gefen gadona. Daga baya ta ce tun jiya take tunanin matan da suka haihu a hannunta sau ɗaya ba su sake dawowa ba. Ta ce da can in an kawo irinsu a galabaice, ko aka ji labarin sun rasu a gida, jahilci suke cewa, su yi tsaki su wuce. Ba ta taɓa tambayar kanta ko akwai waɗanda ita ce ta kore su ba. Ta ce yanzu ba ta da hanyar sani, kuma wannan rashin sanin da shi za ta shiga kabari. Ban iya ba ta haƙuri ba, ban kuma iya ganin laifinta ita kaɗai ba. Na dai riƙe hannunta.

Abin da na koya shi ne abu biyu na iya zama gaskiya a lokaci guda. Kakanninmu sun san yadda jikin mace ke son sauke nauyinsa, asibiti kuma ya san yadda ake tsayar da jini, kuma ba dole ba ne mace ta sayar da mutuncinta kafin ta tsira da ranta. 'Yan uwana mata, duk wulaƙancin da kuka sha, kada ku rufe ƙofa a kan naƙuda. Ku je tun da wuri ku ga ɗakin da idonku, ku yi tambaya, in wuri bai yi muku ba ku nemi wani, ku kuma daina mayar da dukan da aka yi muku abin shewa a gidan suna, don 'yan baya na ji. Iyaye, ku bar gaya wa yara cewa shiru ne mutunci, mai ciwo ta faɗa a ji. Ku kuma ma'aikatan ɗakin haihuwa, na san kuna cikin wahala, na san kun ceci rayuka da yawa, Allah Ya saka muku. Amma ku sani abin da kuka yi wa mace a kan gadon nan ba ya ƙarewa ranar da aka sallame ta. Wadda ta mare ni na tabbata ta manta da ni tun kafin ta cire safar hannunta. Ni kuwa saura ƙiris marin nan ya kashe ni bayan shekara uku, a cikin ɗakina, ni kaɗai, da sakata a ƙofa.